Allurar Sin a Matsayin Maganin Ƙari: Nazari daga Arlit da Gugaram

1. Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana hanyar warkarwa da Faransawa ke kira acupuncture, wadda mu za mu riƙa kira allurar Sin, sa'annan mu auna ta da halin da jama'ar yankin Arlit ke ciki. Mun zaɓi wannan yanki ne saboda irin aikin da aka daɗe ana yi a cikinsa. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara fitar da uraniyom a 1971. COMINAK kuwa, wanda aka kafa a 1974, ya fara aiki a 1978 a mahaƙar Akuta mai zurfin mita 250 a ƙarƙashin ƙasa, ya kuma rufe ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikata kimanin 600 suka rasa aikinsu, ban da na ƙananan kamfanonin kwangila. Daga 2014 haƙar zinari ta hannu ta ɓarke a Jado da Cibarakaten. A gefe guda kuma ga makiyayan ƙaramar hukumar Gugaram, a gindin duwatsun Abzin kan hanyar Iferwan, waɗanda rayuwarsu jan guga ce da hawan raƙumi da doguwar tafiya. Duk waɗannan sana'o'i ne masu cin baya da gwiwa da kafaɗa, kuma ciwon waɗannan gaɓoɓi shi ne fagen da aka fi gwada allurar Sin a kansa.

Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa kalmar "ƙari" a cikin "maganin ƙari" tana ɗauke da sharaɗi. Ba a yin ƙari sai a kan abin da yake akwai, wato binciken likita da ya gano sunan cutar. A yankin da ƙurar dutse da iskar radon suka shiga huhun mutane shekaru da dama, wannan sharaɗi ya fi nauyi fiye da yadda yake a Paris ko Beijing.

2. Asali da matsalar fassara

Tsohon littafin da ya fara tsara ka'idojin wannan hanya shi ne Huangdi Neijing, wanda aka tattara wajen ƙarni na 2 zuwa na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ka'idar ita ce akwai wani abu mai suna qi da ke zagaya jiki ta manyan hanyoyi 12, kuma cuta tana samuwa idan zagayen ya toshe ko ya yi yawa ko ya gaza. Mai magani yana soka siraran allurai a wasu wurare na musamman domin daidaita shi. A 1027 Wang Weiyi ya sa aka ƙera gunkin tagulla mai ramuka a waɗannan wurare domin koyar da ɗalibai. Hukumar Lafiya ta Duniya (OMS) ta daidaita sunayen wurare 361 a 1991. Kada a ɗauka cewa hanyar ta zauna lafiya a ƙasarta: a 1822 an cire ta daga makarantar likitocin fadar sarki, a 1929 an yi yunƙurin soke maganin gargajiya baki ɗaya, kuma gwamnatin kwaminis ce ta sake ɗaga darajarta bayan 1949. Ta shigo Faransa sosai ta hannun George Soulié de Morant, tsohon ma'aikacin jakadanci a Sin, wanda ya wallafa littafinsa a kanta a 1934. Shi ne ya yaɗa fassarar qi da énergie, hanyoyin kuma da méridiens.

Mun tsaya a kan wannan ne domin mai fassara zuwa Hausa yana fuskantar tarkuna uku, kuma duk ukun suna da illa a bakin gadon mara lafiya.

Na farko shi ne kalmar "allura" kanta. A Hausar yau, idan an ce an yi wa mutum allura, abin da ake fahimta shi ne an ɗura masa ruwan magani a jiki, kuma sanannen abu ne cewa jama'armu sun fi yarda da allura bisa ƙwaya. Allurar Sin ba ta da rami, ba ta ɗauke da komai. Siririn ƙarfe ne da ake bari a jiki na minti 20 zuwa 30 a zare. Wanda aka soka masa guda goma sha biyu a baya yana iya tashi da tunanin ya sha magani mai ƙarfi ninki goma sha biyu, har ya ajiye ƙwayoyin hawan jini ko na tarin fuka da likita ya rubuta masa.

Na biyu shi ne qi. Ma'anarsa ta asali ta shafi tururi da numfashi, don haka fassarar da za ta fara zuwa bakin tafinta ita ce "iska". To amma Bahaushe ya san abin da ake nufi da "iska ta taɓa shi". Tafintan da ya ce wa mara lafiya iskar jikinsa ce ta toshe ya shigar da shi fagen bori da ruƙiyya ba da niyya ba. Muna ganin gara a bar kalmar yadda take a yi mata bayani.

Na uku shi ne méridien. Kalmar "jijiya" a Hausa ta haɗa hanyar jini da igiyar saƙon ƙwaƙwalwa da agara, don haka tana da sauƙin ara. Sai dai ilimin fiɗar jikin ɗan Adam bai gano wata gaɓa da ta dace da waɗannan hanyoyi 12 ba. Idan aka ce musu jijiyoyi, an ba su matsayin da bincike bai ba su ba. "Layukan allura" ya fi kusa da gaskiya.

3. Abin da Bahaushe da Ba'abzine suka riga suka sani

Sunan wannan hanya a harshen Sin, zhenjiu, kalmomi biyu ne: zhen, allura, da jiu, wato ƙona busasshen ganye a kan fata ko kusa da ita. Kashi na biyu ba baƙo ba ne a wurinmu. Muna da lalas, inda ake ɗora ƙarfe mai zafi a wurin ciwo. Muna da sakiya, wadda ake huda kumburi da ita. Wanzami kuma yana yin ƙaho da tsaga. Sinawa ma suna kafa ƙaho, da kofin gilashi ko na gora. Haka nan raba cututtuka zuwa na zafi da na sanyi, wanda yake ginshiƙi a ka'idar Sin, yana nan a maganin Hausawa kamar yadda Wall (1988) ya bayyana, kuma Rasmussen (2006) ta nuna shi a wurin mata masu magani na Abzinawa. Wanda ya ce yana fama da "sanyin ƙashi" ba zai yi mamaki ba idan likita Basine ya ce masa sanyi ne ya shiga gwiwarsa.

Akwai ma wani labari da ya kamata wanzamanmu su ji. Paul Nogier, likita a birnin Lyon, ya lura a farkon shekarun 1950 cewa wasu majinyatansa suna da tabon ƙuna a kunne, wanda wata mai maganin gargajiya a Marseille ta yi musu domin ciwon jijiyar cinya. Daga nan ya tsara allurar kunne, ya gabatar da ita a 1957, Sinawa suka karɓa daga gare shi. Ashe wani reshe na "allurar Sin" daga lalas ɗin Faransawa ya tsiro.

Wannan kamanci yana sauƙaƙa karɓuwa, amma ba hujja ba ne cewa hanyar tana aiki. Al'ummomi biyu suna iya haɗuwa a kan fahimta guda su kuma yi kuskure tare. Last (1981), a nazarinsa na Malumfashi, ya nuna cewa mara lafiya a ƙasar Hausa yana zagaya masu magani iri-iri ba tare da ya damu da ka'idar kowannensu ba. Abin da yake nema shi ne sauƙi. Saboda haka nauyin tantancewa yana kan masu ilimi da hukuma.

4. Yadda ta shigo Nijar

Ƙasar Sin ta aika tawagar likitocinta ta farko zuwa Afirka a 1963, zuwa Aljeriya. Nijar ta ƙulla hulɗar jakadanci da Beijing a Yuli 1974, zamanin Seyni Kountché, kuma daga 1976 lardin Guangxi ya fara turo tawagogi, waɗanda suka yi aiki a manyan asibitocin Yamai da Maraɗi da Damagaram. A cikinsu akwai likitocin tiyata da na mata da kuma masu allura. Aikin ya tsaya lokacin da gwamnatin riƙon ƙwarya ta amince da Taiwan a 1992, ya ci gaba bayan an maido da hulɗa a Agusta 1996. A 2016 aka ƙaddamar da babban asibitin Hôpital Général de Référence na Yamai, mai gado 500, wanda Sin ta gina.

Abin lura a nan shi ne taswira. Daga Arlit zuwa Agadas kilomita 240 ne, zuwa Damagaram kusan 700, zuwa Yamai kuwa wajen 1,200. Za mu dawo kan wannan.

5. Me bincike ya nuna?

A 1979 wani taron OMS a Beijing ya fitar da jerin cututtuka 43 da aka ce allurar Sin tana iya amfani a kansu. Har yau ana kafa hujja da wannan jeri a allunan talla, alhali an gina shi ne a kan ra'ayin mahalarta taron, ba a kan gwajin asibiti mai tsari ba. Taron masana da Cibiyoyin Lafiya na Amurka suka kira a 1997 ya fi taka tsantsan: ya sami hujja mai kyau a kan tashin zuciya da amai bayan tiyata ko bayan maganin sankara, da kuma ciwon haƙori bayan aiki.

Gwajin da ya fi dacewa da batunmu shi ne wanda aka yi a Jamus, aka wallafa a 2007 (Haake da abokan aikinsa). An ɗauki mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya, aka raba su kashi uku. Kashi na farko an yi musu allurar Sin bisa ka'ida. Kashi na biyu an yi musu allurar kwaikwayo, wato an soka allurai sama-sama a wuraren da ba na ka'ida ba, ba tare da sun sani ba. Kashi na uku an ba su kulawar da aka saba: ƙwayoyi da gashi da motsa jiki. Bayan wata shida, waɗanda suka sami sauƙi su ne kashi 47.6 cikin ɗari a rukunin farko, 44.2 a na biyu, 27.4 a na uku.

Waɗannan alƙaluma suna faɗin abu biyu a lokaci guda, kuma kowane ɓangare yakan ɗauki wanda ya yi masa daɗi. Masu goyon baya suna nuna cewa allura ta kusan ninka kulawar da aka saba. Masu suka suna nuna cewa tazarar da ke tsakanin allurar gaske da ta kwaikwayo ba ta taka kara ta karya ba, don haka wuraren 361 da layuka 12 ba su ne ke yin aikin ba. Dukansu suna da gaskiya. Vickers da abokan aikinsa sun tattara gwaje-gwaje 29 masu majinyata 17,922 a 2012, sa'annan 39 masu majinyata 20,827 a 2018. Sun sami cewa a ciwon baya da wuya da kafaɗa da gwiwa da daɗaɗɗen ciwon kai, allurar gaske ta fi ta kwaikwayo, amma da ƙaramar tazara. Tazarar da ke tsakaninta da rashin yin allura ita ce babba. Ke nan wani kaso mai yawa na sauƙin yana zuwa ne daga sa rai, da taɓawar hannu, da rabin awar da mai magani ya ba mutum yana sauraronsa. Ba mu ɗauki wannan a matsayin abin raini ba. Duk wanda ya taɓa bin layi a asibiti, aka sallame shi cikin minti uku da takardar magani, ya san darajar rabin awa.

Dangane da yadda sukan allura ke rage zafi, bayanin da ya fi ƙarfi daga ilimin jijiyoyi ya fito. Melzack da Wall sun nuna a 1965 cewa laka tana da wata irin ƙofa da ke iya tare saƙon zafi idan wani saƙo ya riga shi. A 1976 Pomeranz da Chiu sun gano cewa idan aka ba ɓeraye naloxone, maganin da ke toshe aikin sinadaran kashe zafi na cikin jiki, tasirin allura yana gushewa. Han Jisheng na Beijing ya shafe shekaru yana faɗaɗa wannan bincike.

Hukumomi ma sun rabu. Asusun inshorar lafiya na Jamus ya fara biyan kuɗin allura domin ciwon baya da na gwiwa daga 2007. Hukumar NICE ta Ingila ta ce a 2016 kada a yi ta domin ciwon baya, amma a 2021 ta yarda a gwada ta ga daɗaɗɗen ciwon da ba a gano masa wata cuta a ƙarƙashi ba. A lura da wannan sharaɗi na ƙarshe. Babu kuma wata hujja karɓaɓɓiya cewa allura tana kashe ƙwayar cuta, ko tana narkar da ƙari, ko tana fitar da ƙura ko guba daga jiki.

6. Aunawa da halin Arlit da Gugaram

Akwai dalili mai ƙarfi na neman hanyar rage ciwo da ba ta ƙwaya ba. Lebura ko direba ko mai haƙar zinari da bayansa ya ƙage, abin da ya fi kusa da hannunsa shi ne tiren mai tallar magani. Diclofenac da ibuprofen, idan aka daɗe ana sha ba bisa ƙa'ida ba, suna gyambata ciki suna lalata ƙoda, balle a ƙasar da zafi ke ƙafar da ruwan jiki. Tramadol, wanda matasa ke kira tramol, ya riga ya zama annoba a Afirka ta Yamma, yana kama mutum yana kuma jawo farfaɗiya idan an zarce kima. Idan allura za ta sa mutum ya rage waɗannan, ko da rabin amfaninta daga sa rai yake, riba ce. Kuma a hannun wanda ya ƙware haɗarinta kaɗan ne: a binciken Witt da abokan aikinta (2009) a kan majinyata 229,230, kashi 8.6 cikin ɗari ne suka sami wata matsala, galibi ɗan jini ko kumburi, mutum biyu kawai allura ta huda wa huhu.

Sai dai waɗancan majinyata Jamusawa ne da likitoci suka riga suka duba. A Arlit lissafin ya sha bamban ta fuskoki da dama, kuma ta farko ta fi sauran girma. Hukumar binciken sankara ta duniya ta sanya radon cikin abubuwan da ke jawo sankara tun 1988, OMS kuma tana lissafa shi a matsayin sanadi na biyu na sankarar huhu bayan taba. Ƙurar dutse tana sandarar da huhu, ta kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Waɗannan cututtuka suna iya ɗaukar shekara goma ko ashirin ko fiye kafin su bayyana, wato bayan mutum ya bar aiki. Ƙungiyar Aghirin'man ta Almoustapha Alhacen, da cibiyar CRIIRAD ta Faransa wadda ta ziyarci Arlit a Disamba 2003, da Greenpeace a rahotonta na 2010, duk sun ja hankali a kan gurɓatar ruwa da ƙasa da tarkacen ƙarfe a garin, kuma a 2011 aka kafa cibiyar OSRA domin bibiyar lafiyar tsofaffin ma'aikata. Abin da ya shafi maƙalarmu shi ne cewa sankarar da ta kama saman huhu takan fara da ciwon kafaɗa da hannu, tarin fukan da ya kama ƙashin baya kuma yakan fara da ciwon baya. A ido, babu bambanci tsakaninsu da ciwon gajiyar aiki. Tsohon mahaƙin da ya yi wata uku yana karɓar allura a kafaɗa, yana jin ɗan sauƙi, ya yi asarar wata uku da hoton ƙirji zai iya cece shi a cikinsu. Ingancin allurar wajen rage zafi shi ne ya zama haɗarinta a nan.

Ta biyu, mutum mai rama wanda huhunsa ya riga ya raunana ya fi kowa fuskantar hujewar huhu idan aka zurfafa allura a ƙirji ko saman baya ko gindin wuya. Idan iska ta shiga tsakanin huhu da haƙarƙari, ana buƙatar asibitin da zai iya sa bututu cikin gaggawa, abin da ƙaramin ɗakin shan magani na karkara ba shi da shi.

Ta uku ita ce tsabta. Afirka ta Yamma tana cikin yankunan da ciwon hanta nau'in B ya fi yawa a duniya, kuma ƙwayarsa tana iya rayuwa kwana bakwai a busasshen jini a jikin ƙarfe. Tafasawa a tukunyar shayi ko gogewa da alkol ba su isa ba. Allurar da ake buɗewa daga leda a gaban mara lafiya, a yi amfani da ita sau ɗaya a jefar, ita kaɗai ce abin yarda. Wannan gargaɗi ya hau kan askar wanzami kamar yadda ya hau kan allurar Sin.

Ta huɗu ta maido mu ga taswira. A gwajin Jamus kowane majinyaci ya sami zama goma na minti 30, galibi sau biyu a mako, wato mako biyar. Allurar Sin ba abin yi sau ɗaya a tafi ba ce. Makiyayin Gugaram da zai bi wannan tsari a Damagaram ko Yamai sai ya bar dabbobinsa fiye da wata guda, ya biya mota da masauki da abinci, domin sauƙin da bincike ya kira matsakaici. Ba mu ga yadda za a ba shi wannan shawara ba. Idan har hanyar za ta yi amfani a yankin, sai dai ta je inda mutane suke: a horar da ma'aikatan jinya na asibitin gundumar Arlit da na cibiyoyin CSI a kan ƴan wurare kaɗan marasa haɗari, a hannu da ƙafa da ƙasan baya, a bar ƙirji da wuya ga ƙwararru. Sakamakon gwajin Jamus ma yana goyon bayan haka, tunda sukan sama-sama bai gaza mai zurfi da yawa ba. Ma'aikacin jinya yana da wata fa'ida da mai allura na kasuwa ba shi da ita: shi ne wanda aka koya wa neman gwajin majina da rubuta takardar tura mara lafiya gaba.

Kafin a buɗe ledar allura ga duk wanda ya taɓa aiki a mahaƙa ko ya zauna kusa da ita, akwai tambayoyin da ya wajaba a yi masa da Hausa ko Tamajak: ko yana tarin da ya wuce mako biyu, ko ya ga jini a majina, ko yana rama ba dalili, ko zazzaɓi da gumi suna tashinsa da dare, ko ciwon yana ƙaruwa idan ya kwanta, ko ƙafafunsa suna mutuwa, ko fitsari yana ƙwace masa. Amsar "e" ga ɗaya daga cikinsu ta isa a mayar da allurar cikin akwati a tura shi hoton ƙirji da gwajin majina a Arlit ko Agadas. A rubuta a katinsa shekarun da ya yi a mahaƙa, da sashen da ya yi aiki, da ko yana shan taba, domin likitan da zai karɓe shi ya san inda zai fara dubawa.